Zanen leza a zaren roba: An ci gasar sauri, saura ma'aunin da likita zai amince da shi

A shekarar 1999, wasu masu bincike a Jami'ar New South Wales da ke birnin Sidni na ƙasar Ostireliya sun sanar da cewa sun yi nasarar yin wani zane da hasken leza a cikin siririn zare na roba, zanen da ke mayar da zaren ya zama ma'auni. A shekarun farko, yin zane guda ɗaya kan ci mintuna masu yawa, wani lokaci har kusan awa guda. Zuwa 2018, wani ayarin masana a Jami'ar Polytechnic ta Hong Kong ya yi irin wannan zane cikin kashi 7 cikin 1,000 na daƙiƙa, wato kafin mutum ya gama ƙifta ido.

Wannan ci gaba ne da ya cancanci yabo. Amma fiye da shekara 25 bayan sanarwar Sidni, da wuya mutum ya shiga wani asibiti, a Landan ne ko a Kano, ya tarar da wannan ma'auni a jikin majiyyaci. Haka nan da wuya ya same shi a tankin man jirgin fasinja, ko a kantin kayan aikin injiniyoyi. Har yanzu mazauninsa ɗakin gwaje-gwaje ne da shafukan mujallun kimiyya.

Dalilin ba ya rasa nasaba da inda masana suka fi zuba ƙarfinsu. An daɗe ana rige-rigen wanda zai fi saurin zane, da wanda zai fara zane a sabuwar roba. Matsalar da ta hana fasahar fita kasuwa kuwa tana wani wuri daban: zaren kansa ba ya tsayawa a kan magana ɗaya, kuma na'urar da ke karanta shi ta fi ƙarfin aljihun masu buƙatarsa. Muddin ba a mayar da hankali kan waɗannan biyun ba, ƙarin sauri ba zai sauya komai ba.

Yadda zare ke zama ma'auni

Jama'a da dama sun san zaren haske ta dalilin intanet. Shi ne wanda kamfanonin waya ke binnewa a gefen titi, kuma irinsa ne ya lalace a ƙarƙashin teku a watan Maris na 2024, lamarin da ya jefa Najeriya da Ghana da wasu ƙasashen Afirka ta Yamma cikin matsalar sadarwa. Zaren gilashi ne da kaurinsa bai wuce na gashin kai da yawa ba, kuma a tsakiyarsa akwai wata 'yar hanya da haske ke bi.

A cikin wannan 'yar hanyar ake yin zanen. Leza ba ta yanka zaren, ba ta kuma huda shi. Abin da take yi shi ne sauya yanayin abin da aka yi zaren da shi a wurare daki-daki, ta yadda haske zai riƙa tarar da layuka a jere, kowanne da tazara iri ɗaya tsakaninsa da na gaba. Tazarar kusan rabin kashi ɗaya cikin 1,000 na milimita ce. A cikin santimita ɗaya kacal ana iya samun layuka kusan dubu 19.

Idan aka cusa haske mai launuka da yawa a zaren, duk za su wuce, ban da launi ɗaya. Wannan guda ɗayan, wanda tsawon zangonsa ya dace da tazarar layukan, shi ne zai dawo baya kamar ya ci karo da madubi. Masu sauraren rediyo sun san batun zango: kowace tasha da mitar da ake kama ta. Haske ma haka yake, kowane launi da nasa zangon, sai dai ana auna shi da nanomita, wato kashi ɗaya cikin biliyan na mita.

Daga nan sauran bayanin mai sauƙi ne. Idan aka ja zaren, tazarar layukan za ta ƙaru, launin da ke dawowa sai ya gusa. Idan zafi ya sauya, nan ma zai gusa. Kamar makaɗin kalangu ne da ke matse tsarkiya a hammata, amon ya sauya, wanda ya san kiɗa ya gane yawan matsin daga sautin kawai. Na'urar karatu tana duba launin da ya dawo, ta lissafa ƙarfin ja ko zafi ko nauyin da ya hau zaren. Kuma tun da kowane zane ana iya ba shi nasa launin, zare ɗaya kan ɗauki ma'aunai da yawa a jere.

Ana kiran zanen da sunan Bragg, don tunawa da William Henry Bragg da ɗansa Lawrence, waɗanda suka samu kyautar Nobel a 1915 saboda bayanin da suka yi kan yadda haske ke dawowa daga abu mai layuka a jere. Ken Hill da abokan aikinsa a wata cibiyar binciken sadarwa da ke Ottawa a Kanada su ne suka fara ganin zanen a zaren gilashi a 1978. A 1989 Gerald Meltz da abokansa a Amurka suka gano yadda za a yi shi ta gefen zare da hasken ultrabayolet, sannan a 1993 aka fito da dabarar ɗora wani ɗan faranti mai tsage-tsage a kan zaren, a haska leza ta cikinsa, layukan su fito kamar an buga hatimi. Wannan ne ya sa zanen gilashi ya zama kayan kasuwa. Yau ana amfani da shi a gadoji, da layin dogo, da fukafukan injinan samar da lantarki daga iska, da rijiyoyin mai.

Me ya kawo roba?

Tun da gilashi na aiki, mai karatu na iya tambayar abin da ya kai masana ga roba. Amsar tana cikin halin gilashi: yana da tauri, kuma yana karyewa.

Robar da aka fi amfani da ita ana kiran ta PMMA. Ita ce robar nan mai tauri, garai-garai, da ake yin murfin fitilun bayan mota da allunan talla da ita. Ta fi gilashi laushi kusan sau 25. Wannan bambancin yana da muhimmanci fiye da yadda ake zato. Idan aka manna zaren gilashi a kan abu mai laushi, kamar fatar mutum ko yadi, zaren ne zai riƙe abin, ya hana shi motsi, ma'aunin ya ba da lissafin da bai kai gaskiya ba. Kamar a ɗinka waya a bakin ɗankwali ne, sannan a ce za a auna yadda iska ke kaɗa shi. Zaren roba kuwa yana bin abin da aka manna shi a kai, ƙaramin motsi ma yana ji.

Na biyu, yana jure ja. Zaren gilashi kan tsinke idan an miƙa shi da 'yan kaso kaɗan cikin 100 na tsawonsa, zaren roba kuwa yakan wuce kashi 10 bai tsinke ba. Na uku, kuma wannan shi ya fi jan hankalin likitoci, idan ya tsinke ba ya barin tsini mai kaifi. Babu wanda zai so ɓarɓashin gilashi a cikin jijiyarsa. PMMA kuwa tsohuwar abokiyar jikin ɗan Adam ce. Tun a 1949 likitan ido Harold Ridley ya dasa ta a idon majiyyaci a asibitin St Thomas da ke Landan, bayan ya lura cewa gutsattsarin robar da suka shiga idanun matuƙan jiragen yaƙi ba su tayar da kumburi ba. Dattawa da yawa da aka yi wa aikin yanar ido a sansanonin aikin ido kyauta, da irin wannan robar suke gani a yau.

Akwai kuma hali na huɗu, wanda ke da fuska biyu: PMMA tana shan ruwa. Takan tsotsi danshi daga iska har kusan kashi 2 cikin 100 na nauyinta, ta ɗan kumbura, launin da ke dawowa ya gusa. Gilashi ba ya yin haka sai an shafa masa wani abu. Saboda haka zaren roba ma'aunin danshi ne tun daga halittarsa. A Jami'ar Aston da ke Birmingham a Ingila, ayarin Farfesa David Webb ya nuna cewa ana iya amfani da shi a gano ruwan da ya narke a cikin man jirgin sama, da kuma danshin da ke cikin man taransfoma.

Gasar leza

Tarihin shekarun da suka biyo bayan 1999 kusan tarihin leza ne. An fara da wadda ke fitar da haske mai zangon nanomita 325, mai aiki a hankali. Jinkirin ba ƙaramar matsala ba ce, domin duk tsawon lokacin da ake zane dole zaren ya tsaya cik. Ƙaramar girgiza, ko ɗan ɗumin da hasken ke haifarwa, sai layukan su dagule.

Akwai wata leza mai zangon nanomita 248 da ake amfani da ita a masana'antun zanen gilashi, amma an daɗe ana ganin ta fi ƙarfin roba, tana cinye fatar zaren. A 2015 masu bincike a Aveiro da ke ƙasar Fotugal suka nuna cewa idan aka rage mata ƙarfi sosai za ta yi zanen cikin ƙasa da daƙiƙa 30. A 2017 haɗin gwiwar masana daga Aston da Denmak da Fotugal ya yi zane da walƙiya guda ɗaya tak, bayan an cakuɗa tsakiyar zaren da wani sinadari mai saurin amsa haske. Sai kuma na Hong Kong a 2018, waɗanda suka ɗora zaren a jikin mutum suka ɗauki bugun zuciya da numfashi.

Ta wani ɓangaren, ayarin Farfesa Kyriacos Kalli a Jami'ar Fasaha ta Cyprus ya bi wata hanyar. Suna amfani da leza mai walƙiya gajera ƙwarai, wadda ake auna tsawonta da femtosakan, wato kashi ɗaya cikin miliyan sau biliyan na daƙiƙa. Saboda gajartar walƙiyar, zafi ba ya samun damar bazuwa, sai ta taɓa daidai inda aka saita ta. Da ita ake zana layukan ɗaya bayan ɗaya, ba tare da faranti ba, a kowace tazara aka ga dama. A 2015 suka yi zane da ita a wata roba mai suna CYTOP, ta kamfanin Asahi Glass na Japan.

Duk wanda ya dubi wannan jerin zai yarda cewa an yi aiki. Batun yadda za a yi zanen, a iya cewa an gama shi. Saura abin da ke faruwa bayan an gama zanen, an ɗauki zaren an fita da shi daga ɗaki mai na'urar sanyaya iska.

Inda gizo ke saƙar

Matsala ta farko ita ce roba na cinye haske. A zaren gilashi mai kyau, haske kan yi tafiyar kusan kilomita 15 kafin rabinsa ya ɓace. A zaren PMMA, ko da jan haske aka yi amfani da shi, rabin kan ɓace a cikin mita 15 zuwa 20. Idan kuma aka yi amfani da zangon nanomita 1,550, wanda yawancin na'urorin karatu na kasuwa ke aiki da shi, cikin santimita 10 kusan kashi 90 cikin 100 na hasken ya tafi. Shi ya sa a gwaje-gwaje da yawa za a ga guntun zaren roba ne, bai wuce tsawon yatsa ba, an manna shi da gam a bakin dogon zaren gilashi. CYTOP ta rage wannan matsala sosai, amma tana da tsada, kuma wadda ake sayarwa tana da faffaɗar tsakiya, inda haske ke bin hanyoyi da yawa lokaci guda, amsar ta dawo a cakuɗe.

Wannan mannin ma wata matsalar ce. Masu gyaran zaren intanet suna da 'yar na'ura da ke narka bakin zare biyu ta haɗa su cikin daƙiƙoƙi. Ba a yi wa roba haka. Yanka ta ma sai da reza mai ɗumi, a hankali, in ba haka ba bakin ya farfashe. Haɗawa kuma sai an saita da hannu a ƙarƙashin madubin ƙara girma, a ɗiga gam, a busar da shi da haske. Aiki ne na ɗalibin digiri na uku mai haƙuri, kuma mahaɗar ita ce wurin da ya fi saurin lalacewa.

Matsala ta biyu ta fi wannan tsanani, domin ta shafi gaskiyar ma'aunin. Shan ruwan da aka yaba wa PMMA, shi ne kuma aibinta. Zanen da aka sa don ya auna ja, yana auna danshi a lokaci guda, kuma launi ɗaya ne ke ɗauke da saƙonnin biyu. Lissafin da aka wallafa ya nuna cewa ƙarin kashi 1 cikin 100 na laimar iska kan gusar da launin da kusan kashi 35 cikin 1,000 na nanomita. Adadin kamar ba komai ba ne, sai an ɗora shi a kan yanayi na gaske. A Kano laimar iska kan sauka ƙasa da kashi 20 a lokacin hunturu, ta haura kashi 80 a safiyar watan Agusta. Wannan bambancin kaɗai zai sa ma'aunin ya nuna kamar an miƙa zare mai tsawon mita ɗaya da kusan milimita ɗaya da rabi. Kankare kan fara tsagewa da kusan kashi ɗaya cikin goma na wannan miƙewar. Wato ma'aunin da aka manna a ginshiƙi zai iya yin ihun gini na tsagewa alhali damina ce kawai ta sauka, ko kuma ya ɓoye tsagewa ta gaske saboda iska ta bushe.

Masana sun san da wannan. A 2011 Jami'ar Fasaha ta Denmak, tare da abokan aikinta, ta nuna zane a wata roba mai suna TOPAS wadda jin danshinta ya gaza na PMMA fiye da sau 50. An kuma gwada ZEONEX da wasu. Sai dai kowace roba da nata halin, kowace kuma sai an sake koyon yadda za a narka ta, a ja ta, a zana ta. Akasari a jami'o'in ake yin waɗannan zaruruwan, ɗan kaɗan-kaɗan, kuma na wannan watan ba lallai ya yi daidai da na watan gobe ba. Zaren gilashi kuwa yana da ƙa'idar duniya: wanda aka saya a Japan zai haɗu da wanda aka saya a Jamus ba gardama. Wannan ƙa'idar ce ta gina kasuwarsa, kuma ita ce zaren roba mai siririyar tsakiya ba shi da ita.

Ga kuma zafi. PMMA kan fara saki a wajen maki 105 na ma'aunin Salsiyos, amma tun kafin nan matsala ke farawa. A lokacin da ake jan zaren a masana'anta, ƙwayoyinsa kan miƙe a tilas. Da zarar ya ji zafin da ya kai wajen maki 60, sai su fara komawa yadda suke, zaren ya ƙanƙance, kuma ba ya dawowa. Maganin shi ne a gasa shi tun farko a tanda na sa'o'i, ya gama ƙanƙancewarsa kafin a fara aiki da shi. Duk wanda ya taɓa dafa kwanon rufi ko ya taka kwalta da tsakar rana a watan Afrilu a Sakkwato ko Maiduguri ya san maki 60 ba wani abin nesa ba ne.

Daga ƙarshe, roba tana da riƙo. Idan aka ja ta aka daɗe, sannan aka saki, ba ta komawa wurinta nan take, takan ɗauki mintuna. Mai sayar da hatsi ba zai yarda da sikelin da allurarsa ba ta komawa sifili ba bayan an sauke buhu.

Wurin da ya dace da shi

Duk wannan ba ya nufin fasahar ba ta da amfani. Yana nufin a daina neman ta yi aikin da ba nata ba.

Bayan ɓallewar madatsar ruwa ta Alau a watan Satumba na 2024, wadda ta mamaye Maiduguri, an yi ta maganar buƙatar sa ido kan madatsu da gadoji. Maganar gaskiya ce, kuma zanen Bragg na iya taimakawa. Amma wannan aikin zaren gilashi ne, wanda ke tafiyar kilomitoci, yake shekaru a cikin kankare ba tare da ya damu da damina ba. Duk wanda ya zo da tayin zaren roba don irin wannan aikin, da hujjar cewa roba ta fi araha, ya kamata a tsare shi da tambayoyi.

Batun arahar ma akwai ruɗu a ciki. Zaren roba mai kauri da ake ado da shi a fitilu, ko ake haɗa kayan sauti, lallai yana da araha. Amma ba shi ake yi wa zanen Bragg mai inganci ba. Wanda ake zanawa na musamman ne, yakan fi na gilashi tsada saboda ƙarancinsa. Kuma ko kyauta aka ba da zaren, na'urar karatu kan ci dubban daloli. Ɗan ƙaramin ma'aunin danshi na lantarki, wanda ɗaliban kwalejin fasaha ke saya don aikin kammala karatu, kuɗinsa bai kai na cika tankin babur ba, kuma a yawancin wurare ya wadatar.

Zaren roba yana cin nasara ne kawai a inda abubuwa uku suka haɗu: tazara gajera ce, abin da ake aunawa mai laushi ne ko mai ruwa, kuma lantarki haɗari ne ko cikas.

Tankin man jirgin sama misali ne. A ranar 17 ga Yulin 1996, jirgin TWA mai lamba 800 ya tarwatse jim kaɗan bayan tashinsa daga New York zuwa Paris, mutum 230 suka mutu. Hukumar binciken haɗurran sufuri ta Amurka ta ce tankin tsakiya ne ya fashe, kuma abin da ta fi zargi shi ne wutar da ta wuce kima ta shiga tankin ta wayoyin ma'aunin mai. A watan Janairun 2008 kuma wani jirgin British Airways daga Beijing ya faɗi gab da titin sauka a Heathrow, saboda ƙanƙarar da ta taru daga ruwan da ke cikin mai ta toshe masa hanya. Ma'aunin da haske kawai ke shiga cikinsa, wanda kuma ke jin ruwa da kansa, ya dace da waɗannan haɗurran biyu. Haka cikin taransfoma, inda danshi a mai ke lalata takardar da ke raba wayoyi har ta kai ga ƙonewa, kuma ƙarfin wutar ke rikita ma'aunan lantarki.

Sai jikin ɗan Adam, inda buƙatar ta fi girma. A cikin na'urar ɗaukar hoto ta MRI ƙarfe da wayoyi matsala ne, zaren roba kuwa ba ruwansa da maganaɗisu, zai iya bin numfashin majiyyaci yana kwance a ciki. Ga kuma ciwon suga. Ƙungiyar masu yaƙi da cutar ta duniya ta ƙiyasta cewa manya miliyan 537 ne ke ɗauke da ita a 2021. Da yawansu jijiyoyin ƙafarsu kan mutu, ba sa jin inda takalmi ke matsa su, har wurin ya zama gyambo, gyambon kuma ya kai ga yanke ƙafa. A 2017 masu bincike daga Aveiro da Cyprus sun saka zaren CYTOP mai zane a cikin shimfiɗar takalmi da aka yi da ɓawon itacen nan da ake toshe kwalba da shi, don auna inda nauyi ke taruwa a tafin ƙafa. A Jami'ar Tarayya ta Espírito Santo da ke Brazil ma ana gwada shi a na'urorin da ke taimaka wa masu shanyewar jiki koyon tafiya. A nan laushin roba da rashin kaifinta su ne ainihin abin da ake nema, kuma mita ɗaya ko biyu na zare ya isa.

Masu kare fannin za su ce bai kamata a yi gaggawar yanke hukunci ba. Zanen gilashi ma ya shafe shekara 15 daga 1978 kafin a samu hanyar yin sa da yawa, kuma saurin zane ba wasa ba ne, domin shi zai ba da damar a riƙa zana zaren tun yana fitowa daga injin, farashi ya sauka. Wannan hujja ce mai ƙarfi. Sai dai gilashi ya hau bayan kasuwar sadarwa ne. Kamfanonin waya sun zuba biliyoyi wajen gyara zaren, da mahaɗai, da fitilun leza, ma'aunai suka tsinci dami a kala. Roba ba ta da irin wannan uban gida. Idan masu binciken ba su ɗauki aikin daidaita zaren da kansu ba, babu wanda zai yi musu. Kuma tsarin lada a jami'o'i ba ya ƙarfafa hakan: wanda ya fara yin wani abu shi ke samun shafi a babbar mujalla, wanda ya zauna shekara biyu yana duba ko ma'auni ya gusa kuwa, da ƙyar a san da shi.

Irin wannan aikin maras armashi ne ake buƙata yanzu. A zaɓi roba ɗaya ko biyu, a amince da kauri ɗaya, a samu kamfanin da zai riƙa fitar da ita iri ɗaya a kowane lokaci. A ƙera mahaɗar da ma'aikaciyar jinya za ta iya sokawa ta cire ba tare da madubi ba. A koma yin zanen a zangon jan haske ko kusa da shi, tsakanin nanomita 650 zuwa 850, inda roba ba ta cinye haske sosai, kuma inda ƙananan idanun kyamara irin na wayar salula ke iya gani, domin ta nan ne farashin na'urar karatu zai iya karyewa. Sannan a fitar da sakamakon gwajin da ya ɗauki shekara ko fiye, a wurare masu zafi da ƙura da damina, ba na mako guda a cikin akwatin gwaji ba.

A wannan gaɓar ta ƙarshe ce jami'o'i da kwalejojin fasaha na yankin Sahel za su iya shiga ba tare da sun sayi leza mai tsada ba. Zanen ana iya yin sa a Aveiro ko Cyprus a aiko da shi a ambulan. Abin da ɗakunan gwajin Turai ke kashe kuɗi su kwaikwaya a cikin akwati, wato iska mai laimar ƙasa da kashi 20 a Janairu, zafin da ya haura maki 40 a Afrilu, da laimar sama da kashi 80 a Agusta, yana nan kyauta a harabar kowace makaranta daga Zariya zuwa Damagaram. Abin da ake buƙata shi ne na'urar karatu guda ɗaya, da wutar da ba ta yankewa, da malamin da zai riƙa rubuta lambobin kowace safiya har shekara ta zagayo.